Rance tsakanin 'yan'uwa: a rubuta, ko a bar wa zumunci?

'Yar Auta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambayata a kan abin da da wuya a sami gidan da bai taɓa ba ne, amma kowa sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Ɗan'uwa na jini, ko suruki, ko aminin da ya zama ɗan gida, ya zo neman rancen kuɗi masu kauri, irin waɗanda suka kai abin da mutum ke samu a wata biyu ko uku.

Idan aka ce masa a rubuta a sa hannu, rashin kara ne? Mai kuɗin yana da laifi in ya ce a'a alhali yana da su a ajiye? Sannan in wa'adi ya wuce aka ji shiru, yaushe ake tuntuɓa, kuma ta wace hanya, ba tare da an ɓata ba? Don Allah kada a tsaya a kan “a yi haƙuri” kawai. Ina so a faɗi yadda ake yi daki-daki.

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan tsaya a kan ta farkon, don sauran biyun daga jikinta suke fitowa.

Yawancin rigimar bashi a cikin dangi tana farawa ne tun ranar da aka miƙa kuɗin, saboda mutum biyu sun tashi daga zama ɗaya kowa da abin da ya fahimta. Mai bayarwa ya ji “zan mayar maka”, ya sa wata uku a ransa. Mai karɓa ya ji “haba, ai duk ɗaya ne”, ya ɗauka sai ranar da ya sami sarari, in ma ba an bar masa ba ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Akwai binciken da Linda Dezső da George Loewenstein suka wallafa a 2012, inda suka tambayi mutum 971 game da irin wannan rance na tsakanin dangi da abokai. Sun gano cewa idan mutum yana ba da labarin bashin da ya ci, ya fi karkata ga cewa mai kuɗin ne ya yi masa tayi, ko ya biya yadda aka shirya, ko kuma wanda bai biya ba dama kamar kyauta ne. Kuma sau da yawa bai ma san irin ɓacin ran da mai kuɗin yake ciki ba. Wannan ciwon takarda take magani. Wanda ya zo da niyyar cinyewa kuwa zai cinye ko an buga masa hatimi goma.

Amma kafin a kai ga takarda akwai lissafin da mai bayarwa zai yi shi kaɗai. Ya fara ware abin da ba a taɓawa: ajiyar ko-ta-kwana da za ta riƙe gidansa aƙalla wata uku, kuɗin haya da na makaranta da na magani da lokacinsu ya kusa, uwar kuɗin sana'arsa, da duk wani kuɗin amana da ke hannunsa. Abin da ya rage shi ne ake magana a kai. Daga cikinsa kuma ya tambayi kansa: nawa ne in suka tafi ba su dawo ba zan iya zama da mutumin nan mu yi hira ban ji wani abu ya tokare mini ƙirji ba? Wannan adadin shi ne iyakarsa. Kuma ba a cin bashi don a ranta wa wani. Wanda ya karɓo daga banki ko daga wurin aikinsa ya miƙa wa ƙanensa, ranar da ƙanen ya gaza, shi za a cire wa a albashi, kuma a nan ne ƙiyayya ta fi saurin kama wuta.

Sai tambaya biyu ga mai nema: me za a yi da kuɗin, kuma daga ina za a biya? Ta biyun ta fi muhimmanci, ita kuma aka fi jin nauyin yi. In ya ce daga albashi ko cinikin da yake gudana yanzu, akwai abin kamawa. In ya ce yana jiran kuɗin wani aiki, ko rabon gado, ko wani da yake bi zai biya shi, to bashin ya rataya a wuyan mutum na uku da ba ki da iko a kansa, sai ki ninka wa'adin da ya faɗa sau biyu a ranki. In kuwa amsar ita ce “Allah zai hore”, gaskiya ne Allah ke horewa, amma ba a rubuta wannan a gurbin ranar biya. Irin wannan ki ba da abin da za ki iya a matsayin kyauta.

Ga inda lissafi yake tona asirin alkawari. A ce abin da yake samu a wata dubu 100 ne, ya nemi dubu 300, ya ce nan da wata uku zai mayar. Ma'anarsa wata uku ba zai kashe ko sisi a gidansa ba. Ba zai yiwu ba, kuma shi ma da zai zauna ya lissafa ya san ba zai yiwu ba. Matsuwa ce ta sa shi faɗi. Mai iyali da wuya ya iya cire fiye da kashi ɗaya cikin biyar na samunsa duk wata ya ɗore a kai. Kashi ɗaya cikin biyar dubu 20 ke nan, wato wata 15. To a rubuta wata 15. Wanda ya karɓi alkawarin wata uku alhali yana ganin lissafin bai fita ba, shi ma ya sa hannu wajen mayar da ɗan'uwansa maƙaryaci. Biyan kaɗan-kaɗan kuma ya fi biyan dunƙule nesa ba kusa ba, domin mutumin da bai iya tara dubu 300 jiya ba, babu dalilin zaton zai tara su gobe. A sa biyan farko ya faɗo cikin wata guda ko wata ɗaya da rabi. In aka bari aka yi wata shida ba a fara ba, kuɗin sun riga sun zama nasa a zuciyarsa.

Takardar kanta ba sai an je wurin lauya ba, sai dai in kuɗin sun kai na gida ko fili. Rabin shafi ya isa: sunayen mutum biyun, adadin da lamba da kuma da kalmomi, ranar da aka bayar, a faɗi ƙarara cewa rance ne, nawa za a riƙa biya kuma wace rana a wata, ranar gamawa, da abin da za a yi in wata ya zo babu hali (misali ya sanar kafin ranar, a ɗaga masa). Su sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya. Shaidu kada su zama yara ko waɗanda ke cin abinci a hannun ɗayansu. Kuɗin a tura ta banki in da hali, a rubuta “rance” a wurin bayani. Duk biyan da ya shigo, mai kuɗin ya aika saƙo: “Na ga dubu 20, saura 280.” Wannan ɗan saƙon yana kashe gardamar “ai na ba ka wasu a hannu rannan”, wadda ita ce ta fi yawa bayan shekara ta zagayo.

Yadda ake kawo maganar shi ke sa ta zama cin fuska ko ta zama tsari. Kada a ce “don kada ka manta”. A ce: “Haka nake yi da kowa, saboda rai da ajali. In na faɗi gobe kada yarana su nemi abin da ya wuce wannan a wurinka.” Kuma gaskiya ce, takardar tana kare shi kamar yadda take kare mai kuɗin. Wanda ya fusata ya ce shi ba za a rubuta shi ba, ya ba ki amsar tambayar da ba ki yi masa ba.

Gwaggon Yara:

Malam Akawu ya yi bayani, Allah ya saka. Sai dai ban bi shi duka ba, 'yata. Ba kowa ake shimfiɗa wa takarda ba. Uwa ko uba in suka ce “ranta mini”, ki ba da abin da za ki iya ki cire rai, in ya dawo to, in bai dawo ba kada bakinki ya taɓa shi. Yaya ko kawu wanda ya girme ki sosai kuma, akwai hanyar da ta fi sa hannu taushi. Bayan kin tura sai ki rubuta masa: “Yaya, na tura kuɗin da muka yi magana, dubu kaza, waɗanda ka ce za ka fara mayarwa ƙarshen wata kaza. Allah ya sa a yi abin da ake nema.” Da ya amsa da “na gani, na gode”, kin sami adadi, kin sami rana, kin sami amincewarsa, kuma ba ki zaunar da babba gaban shaidu ba. Ki adana saƙon kawai, kada ya tafi da tsohuwar waya.

Batun cewa a'a, sai an duba abin da ya kawo shi. Wanda ke da mara lafiya a asibiti, ko za a fitar masa da kaya waje, ko yaro zai rasa jarrabawa, in kina da hali kika juya masa baya, kin yi laifi, kuma ba sai an kawo miki dalili daga littafi ba. A irin wannan ma ni na fi son a biya kai tsaye inda ake bukata, a asibitin ko a makarantar, kuma abin da za a iya bari a bar shi kyauta. Amma wanda ke son ƙarin jari, ko canza mota, ko yin hidimar da ta fi ƙarfinsa don idon mutane, wannan buri ne, kuma burin wani ba ya zama wajibi a kanki don kawai kun haɗa jini. Kina iya taimakawa in kin ga dama. In kin ƙi ba ki ci amanar zumunci ba.

Abin da ke ɓata ƙin shi ne yadda ake yinsa. Mutane suna jin kunyar cewa a'a, sai su ce “bari in duba”, a yi mako uku ana duba, shi kuma ya daina nema a wani wuri yana jiranki. Wannan ya fi ƙin ciwo. Ki ba shi amsa cikin kwana biyu. Kada ki ce “wallahi ba ni da ko sisi” alhali kina da su, don ƙarya a cikin dangi ba ta kwana, wata rana zai ga kin yi wata hidima ya haɗa lissafi. Ki ce: “Abin da ke hannuna na riga na ɗaure shi a wani wuri, ba zan iya wannan adadin ba. Ga abin da zan iya, kuma ba rance ba ne.” Ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ya nema ne, ya fi. Kada ki haɗa masa da wa'azin yadda yake kashe kuɗi, kuma kada wani ya ji daga bakinki cewa ya zo nema.

Akwai wurare biyu da ba a cika faɗa ba. Na ɗaya, ma'aurata. Kuɗin da miji da mata suka tara tare don wani abu, babu mai ikon ɗauka ya ranta wa danginsa a ɓoye. Ranar da ya fito, kuma zai fito, ba maganar kuɗi za a yi ba, maganar “danginka sun fi ni” za a yi, ita kuma tana daɗewa ba ta warke ba. Haka rancen da mata ke ba miji daga dukiyarta: shi ne bashin da aka fi kowane mantawa da shi, don ita tana jin nauyin tambaya, shi kuma yana ganin ai a gidan aka kashe. In rance ne ta faɗa tun farko da bakinta, a sa rana. Na biyu, in iyaye ne suka sa baki, “ki ba ƙanenki, zai biya”. Nan ki sani ba za ki iya matsa masa ba, don duk ranar da kika tambaya wurinsu zai kai ƙara. Sai ki rage adadin zuwa abin da za ki iya bari, ki gaya musu don su kika yi.

Yanzu tuntuɓa. Babban kuskure shi ne shiru. Mai kuɗi ya yi kawaici shekara guda yana cika yana batsewa, ya rage zuwa gidan, ya rage amsa gaisuwa, shi kuwa wancan ya ɗauki shirun a matsayin an yafe. Ranar da abin ya fashe sai ya fashe a kan wata magana daban, a gaban mutane. Tambaya a kan lokaci ta fi wannan mutunci sau dubu.

In rana ta wuce da mako guda, saƙo ɗaya mai sauƙi, babu habaici: “Ina fata lafiya. Na ga ranar da muka sa ta wuce, ya ake ciki?” In mako biyu suka ƙara wucewa, a kira ko a je, ku biyu kawai. A wannan zaman kada ki tambayi “yaushe za ka biya”, don zai sake yanka miki wata ranar da ba zai cika ba. Ki tambaye shi nawa zai iya duk wata ba tare da gidansa ya shiga wani hali ba. Ko rabin abin da aka shirya ne ki karɓa, a sake rubutawa. Sau ɗaya ake wannan sabon shiri, in an yi yawa sau biyu. Bayan nan sai a sa babba guda ɗaya wanda shi mai bashin yake jin nauyinsa, kuma a gaya masa tukuna cewa za a sa shi. Abin da ba a yi ko kusa: tambaya a wurin taro, ko a zauren dangi na WhatsApp, ko aika yaro, ko bi ta wurin matarsa, ko rubuta zambo a inda kowa zai karanta ya gane da wa ake.

Wanda ba shi da shi da wanda ba ya son biya, ana gane su. Na farko yakan riga ki magana, yana ɗaga waya, yana kawo ɗan abin da ya samu. Na biyu labarinsa yana canzawa duk wata, kuma da an tambaya sai ya hau fushi: “A kan ɗan wannan kuɗin?” Amma a yi hattara, kunya ma tana sa mutumin kirki ɓuya. Gwajin shi ne ki sauko masa da biyan ƙasa sosai, abin da kin san ba zai gagare shi ba. In ya karɓa da murna ya cika wata uku a jere, kunya ce ta hana shi fitowa. In wannan ma ya gagara, kin san da wa kike.

Ɗalibin Ilimi:

Gwaggo da Malam sun gama da yawa. Zan ƙara ɓangaren hukunci ga wanda yake so, don yana cire wa mutum jin nauyin da ba shi da tushe.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ta ce a rubuta shi zuwa wa'adinsa, ƙarami ne ko babba, a kafa shaidu, kuma ta faɗi dalili: hakan ya fi kusa da hana shakka. Ba ta ware ɗan'uwa ba. Wani abin lura a cikinta shi ne wanda ake bi shi ne zai faɗi abin da za a rubuta, domin furucinsa ne hujja a kansa. Wannan ya dace da dabarar saƙon da Gwaggo ta kawo, matuƙar ya amsa da kansa. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin abin so, wasu kamar Ɗabari suka ce wajibi ne. Ko ta wane ɓangare, wanda ya nemi a rubuta bai yi abin kunya ba.

Aya ta 280 kuma ta ce wanda ke cikin ƙunci a jira shi har ya sami sauƙi, in an bar masa sadaka ya fi. A ɗaya gefen akwai hadisin Bukhari da Muslim cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Hukunci biyu ne ga mutum biyu, kuma kuskuren da ake yi a gidaje shi ne musanya su: a matsa wa talaka saboda ba ya iya ɗaga murya, a ƙyale mai hali saboda ana jin tsoron bakinsa.

Sai matsalar faɗuwar darajar kuɗi, wadda ke cin mai bayarwa ba tare da kowa ya zalunce shi ba. In farashin kaya yana tashi da kashi 20 cikin 100 duk shekara, kuɗin da aka mayar bayan shekara guda suna sayen kusan kashi 83 na abin da suke saya a da, bayan shekara biyu kusan kashi 69, bayan uku kusan kashi 58. Duk da haka ba a sharɗanta ƙari a kan rance. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashin kuɗi ana biyansa da adadin da aka karɓa, ba a ɗaure shi da tashin farashi. Abin da ya rage wa mai bayarwa shi ne ya gajarta wa'adi, ko ya ba da rancen a wani abu mai awo da za a mayar masa da irinsa, kamar zinariya da nauyinta, in mai karɓa ya fahimci cewa in ta yi tsada a kansa ne. Mai biya kuwa in ya ga dama ya ƙara wani abu da kansa ranar biya, ba tare da an yi sharaɗi ko an saba jiran hakan ba, wannan halal ne kuma abin yabo. Wanda ya riƙe kuɗin ɗan'uwansa shekara uku ya kamata ya tuna da wannan.

A kula da jingina. In an ajiye mota ko gona ko gida a hannun mai kuɗi, amana ce, ba ta zama tasa ya riƙa mora ba, don rancen da ya jawo wa mai shi amfani malamai sun sa shi a babin riba. Haka tsaya wa mutum: wanda ya lamunce bashin wani, in wancan ya gaza shi zai biya. Mutane suna sa hannu a takardar banki don kara, suna zaton shaida kawai suka yi. Kada ka tsaya wa kowa a kan adadin da ba za ka iya ciro shi daga aljihunka ba.

Na ƙarshe, mutuwa. Bashi ba ya faɗuwa da rasuwar ɗayansu. In wanda ake bi ya rasu, bayan hidimar jana'iza bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya, sannan gado. In mai kuɗin ne ya rasu, abin da yake bi ya shiga dukiyar magada. Inda aka fi samun fitina shi ne uba ya ranta wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa kuɗi masu yawa bai rubuta ba. Bayan ransa ɗan ya ce kyauta ce, sauran su ce rance ne a cire daga kasonsa, kuma wanda zai raba gardamar yana ƙasa. Layi biyu da hannun uban da sun wadatar.

'Yar Auta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Saura abu ɗaya. In wanda ake bi yana cewa babu, amma ana ganinsa da sabuwar waya ko sabbin kaya, ya halatta a yi masa magana a kai? Kuma in mutum ya gaji ya ga gara ya yafe, ya ake yi?

Tsohon Akawu:

Ƙanwata, ba da rance ba ya mayar da ke mai binciken aljihunsa. In yana biyan abin da aka shirya a kan lokaci, ko jirgi ya saya babu ruwanki. In ba ya biya, to akwai magana, amma a kan biyan za ki yi ta. Da kin ce “na ga ka sayi waya”, zai ce kyauta aka ba shi ko ta aiki ce, wataƙila ma gaskiya ne, sai ku koma gardamar waya a bar bashin. Abu ɗaya kada ki gina hukunci a kansa. Abin da ake dubawa shi ne abin da ya maimaitu: wata uku ko huɗu babu biya, babu bayani, kuma hidimomin da ba dole ba suna ta gudana. Nan sai ki ce masa kai tsaye: “Ina ganin hali ya ɗan samu, ina so mu koma kan shirinmu daga wannan watan.” In ya ƙi, sai matakin babban da Gwaggo ta faɗa. Kotu tana nan ga kuɗi masu yawa, amma a shiga da sanin cewa ko an ci shari'a da wuya a koma yadda ake, kuma ƙasashe da yawa suna da wa'adin da in ya wuce ba a karɓar ƙarar bashi, don haka mai wannan niyya ya tambayi lauya da wuri.

Yafiya kuma iri biyu ake yi, ɗaya ce kawai take aiki. Akwai wanda zai ce a ransa “na bar shi da Allah”, bai gaya wa kowa ba, yana nan yana ƙirga kuɗin duk ranar da suka haɗu. Wannan bai yafe ba, ya daina tambaya ne kawai, shi kuma wancan yana ci gaba da sunkuyar da kai. In za ki yafe, ki fara ba kanki mako biyu ki tabbata ba fushi ko gajiya ke magana ba, don ba a janye ta. In mai aure ce kuma kuɗin na haɗaka ne, ki shawarci maigidan. Sannan ki gaya wa mai bashin a fili, ku biyu: “Abin da ya rage, dubu kaza, na bar maka, babu komai tsakaninmu.” Ki rubuta “an yafe” da kwanan wata a kan takardar, ki ba shi, ki sanar da shaidun, don kada magadanki su taso da ita wata rana. Bayan nan ba a sake ambatonsa, ko da wasa, ko ranar da kuka saɓa a kan wani abu.

Ba dole ne a yafe duka ba. Ana iya cewa ya kawo rabi cikin wata shida a bar masa rabi, kuma sau da yawa wannan ya fi yi wa mai mutunci daɗi, don ya fita da jin cewa ya biya wani abu.

In ya dawo neman wani rancen, ki duba yadda na farkon ya ƙare. Wanda ya biya, ko da a makare, amma yana sanar da ke halin da ake ciki, ana iya sake ba shi. Wanda aka yafe wa saboda babu, in lalura ta sake kama shi a ba shi kyauta daidai ƙarfi, kada a sake kiran abin rance. Wanda kuwa yana da shi ya ƙi, amsarsa a'a ce, a faɗe ta cikin kwana biyun nan, kuma a ci gaba da zuwa gidansa ana gaisawa.